Burtali a Cikin Ordinater: Jawabi ga Makiyaya a Kan Taswirar Kiwo

Arɗo da rugga da garso, shugabannin ƙungiyoyin makiyaya, iyayenmu mata masu tatsa, da ku masu haɗa noma da kiwo, ina gaishe ku da ɗawainiyar bisashe. Kun saba ganina da sirinji da akwatin sanyi. Yau ban zo da allura ba. Na zo da maganar taswira, wadda a buro muke ce ma karti, da wani kayan aiki da ake zana ta da shi cikin ordinater. Na san wani zai ce a ransa, mi ya haɗa saniya da ordinater? Ku yi mini haƙuri kaɗan, za ku ga inda suka haɗu.

Kowane ɗayanku yana da taswira a kansa. Garso ya san tabkin da ke fara ƙafewa da wanda ke kai wa watan sanyi da ruwa. Ya san inda burtali ya yi kwana a gindin gawo, ya san tungar da kakanni ke sauka in an taso daga kudu za a hau arewa. Ni da na yi lakwal ban san rabin wannan ba. Amma ranar da aka yi ɓarna, aka taru gaban hukuma, mai gona ya ce nan gonar ubansa ce, kai ka ce nan burtali ne, abin da ke cikin kanka ba ya hawa bisa tebur. Takarda ke hawa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda kuka sani da suna Kofo, ta ɗora masu aikin ƙidaya da rubuta filayen kiwo da burtuloli da mashaya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, kuma burtali dukiyar ƙasa ce, ba ta wani mutum guda ba. Doka ta yi kyau. Sai dai doka ba ta san inda burtalinku ya bi ba sai an nuna mata. Manyanmu suna tuna abin da ya faru a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, a watan Oktoba na 1991, inda rikicin gona da dabba ya ci rayuka fiye da 100. Allah ya kiyaye gaba. Ban tuno da shi don tada hankali ba, sai don ku san maganar iyaka ba ƙaramar magana ba ce.

To, wannan kayan aiki sunansa QGIS. Wani Ba'amurke mai suna Gary Sherman ya fara ƙera shi a 2002, daga baya mutane daga ƙasashe da yawa suka sa hannu, har yau suna gyara shi suna ƙara masa. Manhaja ce, ko lojisiyel kamar yadda muke cewa a buro, wato shiri ne da ake zubawa cikin ordinater don ya iya wani aiki. Akwai irinsa na kamfani da ake saye da tsada, a sake biyan kuɗi in lokaci ya cika. Na taɓa aiki tare da wani proje da ke da irin wancan. Da projen ya ƙare, kuɗin sabuntawa ya yanke, sai ga mu da ordinater a gaba da aikin shekaru a ciki, ba mu da ikon taɓawa. QGIS ba haka yake ba. Kamar rijiyar jama'a ce: ba mai kulle ta, kowa ya zo da wasakinsa ya ja. Ba a biyan ko dala. In ka samu, kana da izinin kwafa ma wani a kile, shi ma ya kwafa ma wani. Kuma yadda aka ƙera shi a buɗe yake, duk mai ilimin abin yana iya leƙawa ya ga ko da ha'inci a ciki. Yana magana da Faransanci, kuma in an riga an zuba shi, yana aiki ko babu intanet.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Ku ɗauka kuna da leda fara mai garai-garai, guda biyar ko shida. A ta farko kun ɗiga rijiyoyi. A ta biyu kun ja burtuloli. A ta uku kun kewaye filayen kiwo, a ta huɗu gonaki, a ta biyar garuruwa da kasuwanni. In kun ɗora su bisa juna kuka ɗaga wa rana, za ku ga duka a tare, ku ga inda gona ta hau burtali, ku ga filin da ba shi da rijiya kusa. In kun ga dama ku zare guda, ku bar sauran. Haka QGIS ke yi. Duk abin da ke ƙasa, ɗayan uku ne a wurinsa: ko ɗigo, kamar rijiya, ko layi, kamar burtali, ko kewaye, kamar hurumi ko tabki. Kowane ɗigo kuma yana da rajistarsa a baya. Ka taɓa rijiya, sai ya nuna maka sunanta, zurfinta, ta siminti ce ko ta gargajiya, wa ya gina ta, wane wata take ja baya. Amma fa abin da aka rubuta masa kawai zai nuna. Shi bai taɓa shayar da garke ba.

Daga ina ɗigon ke fitowa? Daga GPS. Akwai taurarin ɗan Adam da ke yawo sama da mu da nisan kilomita kamar 20,000, suna aiko da sigina dare da rana. In na'ura ta kama huɗu daga cikinsu, sai ta ba ka lamba biyu: ɗaya ta nisanka daga tsakiyar duniya zuwa arewa, ɗaya ta gabas. Maraɗi tana wajen 13.5 arewa da 7.1 gabas. Kafin watan Mayu na 2000 sojan Amurka suna ɓata siginar da gangan, har kuskure ya kai mita 100. Yanzu salular da ke aljihun ɗanka, in mai shafawa ce, tana ba da wuri da kuskuren ƴan mitoci, kuma ba ta bukatar rezo ko kiredi don wannan, sararin sama kawai take so. Akwai ƙaramin shiri mai suna QField da ke ɗaukar aikin QGIS ya sa cikin salula, a tafi daji da shi, a dawo a juye.

Bari in ba ku labarin kunyar da na sha lokacin da nake koyo. Na yi kwana uku bisa moto ina ɗaukar rijiyoyi da wuraren allura, na cika kaye da lambobi. Na dawo na kwafe su cikin ordinater, na danna. Ba ko ɗigo guda a ƙasarmu. Na nema na nema, sai na iske rijiyoyina duka sun sauka a Kamaru, kusa da Ngaundere. Ashe na juya lambobin ne, na sa ta arewa a gurbin ta gabas. In ka juya 13.5 da 7.1, can za ka faɗa. Shanunmu ma ba su yi saurin kai wa Adamawa haka ba. Ordinater bai ce mini komai ba, don shi ba ya musu. Abin da ka ba shi, shi zai zana maka da kyau, ko gaskiya ko kuskure.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma ina son yaran da za su koya su riƙe shi. Lambobin GPS na digiri ne, ba na mita ba. Digiri guda daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 111. In kana son auna faɗin burtali ko girman fili, sai ka maida aikin zuwa tsarin mita da ake kira UTM, wanda ya yanka duniya tsaye-tsaye kamar yankan kabewa. Ƙasarmu ta faɗa cikin yanki uku. Yamai da Doso da garin Tawa suna yanki na 31. Maraɗi da Damagaram suna na 32. Garin Difa yana na 33. Iyakar 31 da 32 ta ratsa dab da Madawa. Wanda ya ɗauki lambobin Tasawa ya zuba su a yankin Tawa, aikinsa zai yi tsalle na ɗaruruwan kilomitoci. Rabin wahalar mai koyo a nan take. Wanda ya wuce nan, sauran sauƙi ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ce abin ya shafe ku kai tsaye. Bayan ɗigo da layi, ana shimfiɗa hoton ƙasa da aka ɗauko daga sama. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 ake ba da hotunan kyauta. Na Turai, Sentinel-2, sun fara a 2015, suna komawa kan wuri guda duk kwana biyar. Hoton ba kamar na mai hoto a kasuwa ba ne. Ƙananan gidaje ne jere kamar na dara. A Sentinel-2 kowane gida mita 10 ne, a Landsat mita 30. Ku lissafa da ni: burtali mai faɗin mita 50 gida biyar ne a na farko, a na biyu bai cika gida biyu ba. Saboda haka ba a ganin saniya, ba a ganin turken iyaka, amma in aka ɗora hoton bana bisa na shekaru goma baya, ana ganin inda fili ya tsuke, ana ganin burtalin da ya shiga gari da faɗi ya fita kamar zare. Na zauna da wani dattijo gaban irin wannan hoto. Bai iya karatu ba, amma da na nuna masa kwalta da kasuwa, shi ya ci gaba da nuna mini sauran da yatsa, har ya ce wancan baƙin ba tabki ba ne, inuwar dutse ce. Ya yi gaskiya.

Da irin waɗannan hotuna ake auna ciyawa a ƙarshen damina. Cibiyar Agrimet ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, ta daɗe tana wannan aiki, ma'aikatar kiwo kuma tana haɗa shi da yankan ciyawa da aunawa a daji. Lissafin haka yake: dabba mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a yini. A wata tara na rani, abin ya kusa kilo 1,700. Ciyawar da ke tsaye kuma ba duka ke shiga ciki ba, wajen kashi ɗaya cikin uku ake lissafawa, sauran iska da gara da takawa sun cinye. To amma ga inda gizo ke saƙa. Tauraro kore yake gani, bai san ɗanɗano ba. Filin da garmani ya cinye yana fitowa kore shar a hoto, ya fi na ƙarangiya da kyasuwa kyau, alhali kun san ba abin da shanu za su yi da shi. In ba wanda ya je ya ce wannan garmani ne, takarda za ta tafi sama da cewa kuna cikin wadata, dusa da ƙwaryar auduga kuma a kai su wani wuri.

Haka maganar tabki. Hoton da aka ɗauka a watan Afrilu ba zai nuna tabkin da ke cika a Agusta ba. Zai nuna fili mai laka mai kyau, irin wanda mai neman gona ke so. In ba a rubuta shi a matsayin mashaya ba, ranar da aka kewaye shi da lambu ba ku da abin nunawa.

A wajen lafiyar dabbobi, wanda shi ne aikina, taswira ta sauƙaƙa mini abubuwa biyu. Na farko wurin allura. QGIS yana iya zana da'ira kewaye da kowane shingen allura, a ce kilomita 15, sai ka ga rugagen da suka faɗa waje. Da can muna cewa mutanen wuri kaza ba sa son allura. Da na ga taswira sai na gane ba ƙi ba ne, nisa ne. Ba mai kora shanu masu ciki yini guda don allura ɗaya. Na biyu ciwon saifa. Ƙwayar wannan ciwo tana kwanciya cikin ƙasa shekaru masu yawa a inda dabba ta mutu aka feɗe ta. Tsofaffi sun san waɗannan wurare, suna kauce masu, amma baƙo da yaro ba su sani ba. Duk inda aka ɗiga, mun san garken da za a fara yi wa rigakafi kafin ruwa ya sauka. Irin wannan da'ira ce kuma ake dubawa kafin a gina sabuwar rijiya, tun da dokar 2010 ta sa tazara: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin foraj. Rijiyoyi in sun yi kusa da juna, ciyawar tsakaninsu ba ta kai wa bazara.

Yanzu sai in faɗa maku abin da ke damuna, don ban zo tallar kaya ba. Taswira tana da kwarjini. In an buga ta da launi, da tambari a ƙasa, mutane suna ganin kamar daga sama ta sauko. Alhali wani ne ya riƙa na'ura ya bi wani a baya. Na taɓa ɗaukar wani burtali a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba. Lokacin damina ne, makiyaya duk sun hau arewa. Aka haɗa ni da mutum guda ya yi mini jagora, mutum mai fara'a, har fura ya ba ni. Muka bi, na ɗiga, na zana, abin ya yi kyau. Da kaka masu shanu suka sauko, wani garso ya dubi takardar ya ce, Malam, wannan kwanar ba ta burtali ba ce, ta gonar wanda ya raka ka ce. Ashe na zagaye gonar da ta ci burtalin, na kuma ba ta shaida da hannuna. Sai da aka sake taruwa da Kofo da mai gari da su, aka sake bi da ƙafa. Laifina ne, ba na na'ura ba. Tun daga ranar ba na kunna GPS a kan iyaka sai manomi da makiyayi suna tsaye tare.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi wannan zurfi. Ordinater yana son abu mai iyaka, kiwo kuma ba shi da iyaka guda. Bana ruwa ya yi kyau a Tarka da Gadabeji, baɗi sai Abalak ko Tanut, wata shekara sai an gangara kudu. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, kun kuma ga yadda gonaki suka tsallake ta. In wani ya zo ya ce ku nuna masa filinku ya kewaye maku, ku yi hattara da abin da kewayen ke nufi. Mazaunin asali, inda kuke da rijiya kuke komawa, doka ta ba ku fifiko a kansa, ba ta ce nan kaɗai za ku tsaya ba. Ku sa a rubuta hanyar shekarar wadata, a rubuta ta shekarar fari, da tungayen da ake kwana, da wuraren gishiri da kanwa. Mata ma a tambaye su, don hanyar awaki da inda ake kai nono ba garso ke bin su ba.

Wa zai koya? Ba ku dattawa nake cewa ku zauna gaban ordinater ba. Amma kusan kowace ƙungiya tana da yaro ko yarinya da suka kai kolej suka dawo gida ba aiki. Wanda ya iya karanta Faransanci kaɗan, ya iya lissafin mita da kilomita, zai iya. Ni ban koye shi a lakwal ba, lokacinmu allura da fiɗa da awon nama aka koya mana. Da girmana na koya, da dare, ina ɓatawa ina sakewa, littafin koyonsa ma kyauta ne. Shawarata ga mai farawa, kada ya fara da hoton tauraro, zai ruɗe. Ya fara da rijiyoyi biyar da ya sani, ya ɗiga su, ya ga sun faɗa inda ya kamata bisa taswirar OpenStreetMap, wadda ita ma ta jama'a ce, tun 2004 masu sa kai ke zana ta. In wannan ya zauna, ya bi burtali guda da ƙafa, ya auna tsawonsa, ya gwada da abin da moto ya nuna. Sannan ya koyi kewaye da lissafin hekta, sannan ya koyi fitar da takarda mai suna da kwanan wata da alamar arewa da ma'auni. Taswirar da ba ta da kwanan wata ba ta da amfani a gaban shari'a, don ba a san ko kafin gona ko bayan gona aka yi ta ba. Ordinater ba sai sabo ba, tsoho mai lafiya ya isa, sai dai a kiyaye shi daga ƙura da zafi, a kuma ajiye aikin a kile biyu, wuri daban-daban. Na ga aikin shekara ya tafi tare da ordinater guda da ruwa ya shiga.

Taswirar da ɗanku ya zana ba ta zama doka don kanta. Sai ta bi ta Kofo, an yi zama, an sa hannu, hukuma ta tabbatar, an kafa turaku. Amma ƙungiyar da ta shiga zaman da tata takarda a hannu ba daidai take da wadda ta shiga da baki kawai ba.

Saboda haka in kun ji an ce masu GPS za su zo ƙasarku, ko na gwamnati ko na proje, ku tambayi ranar, ku roƙi a sa ta lokacin da kuke nan, ba tsakiyar damina ba. Ku tura wanda ya san daji ya bi su ƙafa da ƙafa. Kafin a buga, ku ce a karanta maku sunayen wuraren da babbar murya, don sau da yawa suna ke ɓacewa tsakanin Fulatanci da Tamajak da Faransanci. Bayan an buga, ku nemi kwafi biyu, na takarda da na kile, ku ba sakataren ƙungiya ya adana. Wanda yake da yaron da zai koya, ya kawo shi buron kiwo ranar kasuwa, da salularsa da kaye da bik. Yanzu ga fili, mai tambaya ya yi, mu fara da iyayenmu mata da ke can baya.